Kyauta ba albashi ba ce: ɗan kurket na Ingila da ɗan kokowa na Damagaram

Ranar Juma'ar da ta wuce, bayan an sauko daga masallaci, aka zaga da kwano a unguwarmu ana tara taimako. Wani tsohon ɗan kokowa ne gwiwa ta kwantar, likita ya ce sai an yi aiki, kuɗin aikin kuma babu. Ba zan ambaci sunansa ba, mutanen unguwa sun san shi. A zamaninsa idan makaɗa suka ɗauko kirarinsa, har mata a cikin gida sai sun yi guɗa. Kowa ya sa abin da Allah ya hore masa, wani dala ɗari, wani jika guda. Sai wani mai shago, yana jefa nasa a kwano, ya ce: "To shi ina ya kai nasa? Ai ya ci zamaninsa."

Maganar nan ta tsaya mini a wuya har yau.

Ra'ayina shi ne, mutumin bai ci komai ba, mu ne muka ci shi. Mun sha kallo, mun yi ihu, manyanmu sun yi kari a gaban jama'a an kira sunansu a lasifika, sannan kowa ya kama gabansa. Wanda ya sayar da ƙarfin jikinsa don jama'a su ji daɗi ma'aikaci ne, kuma ma'aikaci takarda ake rubuta masa: ga aikinka, ga ladanka, ga abin da zai faru ranar da ƙashi ya karye. Muddin kari da kyautar manya su ne kaɗai abincin ɗan kokowa, kwano ba zai daina zagawa ba.

Zan kafa hujjata da wasan da ba a yi a nan, wato kurket. Na san za a ce na yi nisa. A yi haƙuri a biyo ni.

Me ya haɗa mu da kurket?

Ɗan ƙanwata ne ya dawo daga karatu a Indiya da cutar wannan wasa. Kullum yana duƙe kan waya. Na ce masa wane irin wasa ne ake kwana biyar ana abu guda, sai ya ce: "Kawu, ku bar kallon wasan, ku karanta tarihin masu yin sa." Na karanta, kuma shi ya ja ni ga wannan rubutu.

A taƙaice, ƙungiya biyu ce, kowace da mutum 11. Ɗaya tana jifa da ƙwallo mai tauri tana neman ta kayar da sanduna uku da aka kafa, ɗaya kuma tana kare sandunan da faffaɗan katako, tana dukan ƙwallon tana tara maki. Wanda aka kayar da sandunansa, ko aka cafe ƙwallonsa a sama, ya fita. Wasan da ake ce wa na babban mataki shi ne wanda aka tsara zai ɗauki aƙalla kwana uku, kowace ƙungiya ta shiga duka sau biyu. A Ingila ƙungiyoyin gundumomi 18 ne ke gasar wannan mataki.

Yawanci mutum ko dai gwanin jifa ne ko gwanin duka. Amma akwai ƴan kaɗan da ke iya duka biyun, har a ce ko da ɗaya kaɗai suka iya da sun samu wuri a ƙungiya. Su nake so a duba, domin su ne suka fi kowa aiki, kuma su ne jikinsu ya fi saurin lalacewa. Mai duka kawai, idan ya fita ya je ya zauna. Mai jifa kawai, ba a sa rai da shi wajen maki. Shi mai hannu biyun sai ya yini yana jifa a rana, gobe a ce shi zai tsaya ya ceci ƙungiya da katako. Jaki ɗaya, mangala biyu, harawa ta jaki ɗaya.

Mutum biyu daga ƙauye guda

Akwai wani ƙauye a gundumar Yokshaya, arewacin Ingila, ana ce masa Kirkheaton. A nan aka haifi George Hirst a 1871, da Wilfred Rhodes a 1877. Ƴaƴan talakawa ne. Hirst ya bar makaranta yana ɗan shekara 10, ya yi aiki wajen wani masaƙi, daga baya ya koma marina. Wasa ne ya fitar da su, kuma wasan shi ne abincinsu.

Rhodes ya fara buga wa Yokshaya a 1898, bai ajiye ba sai 1930. Ya buga wasa 1,110 a babban mataki, ya fitar da masu duka 4,204 da jifarsa ta hagu, ya tara maki 39,969 da katako. Babu wanda ya kama ƙafarsa a yawan fitarwa har yau. Da ya shiga ƙungiyar ƙasar Ingila, a can ƙarshen layin masu duka ake sa shi, wurin waɗanda ba a sa ran su yi komai. Ya yi ta gyara hannunsa har ya zama shi ke buɗe wasa, kuma a 1912 a birnin Melbon shi da Jack Hobbs suka tara maki 323 kafin a raba su. Wasansa na ƙarshe ga ƙasarsa ya buga shi yana da shekara 52.

Ma'aunin mai hannu biyu a wancan zamani shi ne ya tara maki 1,000 kuma ya fitar da mutum 100 a kaka guda. Rhodes ya yi haka sau 16, Hirst sau 14. A 1906 kuwa Hirst ya ninka ma'aunin, maki 2,385 da fitarwa 208, abin da ba a sake yi ba.

Ba don a yi mamaki na jero waɗannan lambobi ba. A lura da cewa ni, ina zaune a Zinder, fiye da shekara ɗari bayan abin ya faru, na iya faɗin su ɗaya bayan ɗaya. Akwai mai alƙalami a gefen fili a kowane wasa, yana rubuta kowace jifa. Akwai kundin shekara-shekara mai suna Wisden da ake bugawa tun 1864. Ba taurari kaɗai ba, ko wanda ya buga wasa uku aka sallame shi, sunansa na nan da abin da ya yi.

Yanzu a zo gida. An fara gasar kokowa ta ƙasar Nijar, wadda ake ba zakaranta takobi, a 1975 a Tawa. Jiha takwas, kowace da ƴan kokowa goma, mutum 80 ke nan a fage. Wanda ya ɗauki takobi kowace shekara an san shi, an rubuta. Filin kokowar garin nan ma sunan tsohon gwanin kokowa Langa-Langa yake ɗauke da shi, kuma ba yaron da bai ji sunan Balla Haruna ba. To amma sauran 79 ɗin fa? Wanda ya wakilci Zinder shekara goma a jere bai taɓa kai wa ƙarshe ba, kaye nawa ya yi? Karo nawa ya shiga fage daga Miriya zuwa Magariya, daga Matamaye zuwa Tanut, kafin a zaɓe shi? A tambayi mutum biyar a fada, a ji amsa biyar, kuma kafin shayi na biyu ya nuna an fara rantse-rantse.

"Ai muna da makaɗa, su ne kundinmu"

Wannan ita ce amsar farko da ake ba ni, kuma ba na raina ta. Makaɗin kokowa yana riƙe da sunan uban ɗan kokowa da garinsu da manyan da ya kayar, kuma abin da yake yi wa zuciyar mutum a fage babu takardar da za ta yi.

Sai dai makaɗi yabo yake yi, ba lissafi ba. Ba ya waƙar ranar da gwaninsa ya sha ƙasa. Kuma makaɗi ma abinci yake nema, wanda tauraronsa ke haskawa shi yake bi. Ba laifinsa ba ne, sana'arsa ke nan. Amma ranar da tsohon ɗan kokowa zai tsaya gaban hukuma ya ce shekara kaza na yi ina ɗaukar tutar jihar nan, a nan na ji wannan rauni, ba waƙa za a ce ya kawo ba.

Akwai labarin da ya nuna mini nauyin wannan batu fiye da kowane. Basil D'Oliveira, mai jifa da duka, an haife shi a Kef Tawun ta Afirka ta Kudu a 1931. Dokar wariyar launin fata ta hana shi wasa da Turawa, kuma wasannin da ba na Turawa ba ba a lissafa su a babban mataki. Saboda haka shekarun ƙuruciyarsa, lokacin da ƙarfinsa ke kan ganiya, babu su a babban kundi. Ya yi ta rubuta wasiƙu ga wani mai sharhin wasa a rediyon BBC, John Arlott, har aka samo masa gurbi a wata ƙaramar ƙungiya a garin Middleton a 1960. Kuɗin jirgi ma jama'ar unguwarsu ne suka tara masa. Ya shiga ƙungiyar gundumar Wusta a 1964, ya fara buga wa Ingila a 1966 yana da shekara 34, lokacin da wasu ke shirin ajiyewa. A 1968 ya tara maki 158 a kan Ostireliya, gwamnatin wariya ta firaministan Afirka ta Kudu, John Vorster, ta ce ba za ta karɓi tawagar Ingila da ke shirin zuwa wasa can ba idan yana ciki, aka soke tafiyar, daga nan aka fara mayar da Afirka ta Kudu saniyar ware a wannan wasa.

Mutum ɗaya ne, hannu ɗaya ne. Rabin rayuwarsa da aka rubuta duniya ta san shi, rabin da masu alƙalami suka ƙi rubutawa kuwa sai a bakin tsofaffin unguwarsu. Ƴan kokowarmu gaba ɗaya a wannan rabi na biyu suke zaune, kuma mu ba wata gwamnatin wariya ce ta hana mu rubutawa ba.

"Kokowa al'ada ce, kuɗi zai ɓata ta"

Wannan magana dattawa ke yin ta, kuma da zuciya ɗaya suke yi. Suna tuna lokacin da samari ke kokowa a dandali bayan an gama girbi, don suna da farin jinin ƴan mata kawai.

Amma kuɗi ai ya daɗe da shiga. Mai takobi yana tafiya da miliyoyin sefa da doki da rawani. Kamfanoni na manna tallarsu a bangon fili. Télé Sahel na nuna gasar kai tsaye, gari ya tsaya cak, ƴan kabu-kabu su ajiye babura su taru gaban talabijin. Masu abinci, masu masauki, masu motocin haya, kowa yana samu. Tambayar ba ta ko kuɗi zai shiga ba ce. Tambayar ita ce a hannun wa yake tsayawa.

Turawan Ingila sun yi irin wannan waƙa tasu shekara da shekaru. Sun raba ƴan kurket gida biyu: ƴaƴan masu hali da ke cewa don sha'awa suke wasa ba sa karɓar lada, da ƴaƴan talakawa irin su Rhodes da ake biya. Ƙungiya ɗaya suke, amma ɗakin sa kaya daban, a wasu filaye ƙofar shiga ma daban. Shugabancin ƙungiya na masu hali ne ko da ba su iya komai ba. Rhodes, duk da sanin wasan da ya fi na kowa a Yokshaya, ba a taɓa naɗa shi kyaftin ɗin ƙungiyar ba. Ana cewa wanda ke wasa don kuɗi ba zai riƙe mutuncin wasa ba.

Ga inda munafuncin yake. W. G. Grace, babban tauraron masu cewa ba sa karɓar lada, ya fi duk wani mai karɓar albashi samun kuɗi daga kurket, ta hanyar abin da ake kira kuɗin ɗawainiya da gudummawa. A 1895 kaɗai an tara masa sama da fam 9,000. Shekara guda bayan haka, a 1896, ƴan wasa biyar masu albashi suka ce ba za su buga wa Ingila wasa da Ostireliya a filin Oval ba sai an ƙara musu lada daga fam 10 zuwa fam 20. Aka ƙi. Uku suka janye suka buga, biyu, George Lohmann da William Gunn, suka tsaya kan bakansu aka buga babu su. Ba a rushe wannan rabe-rabe ba sai ƙarshen 1962.

Duk inda aka ce wa mai zufa kada ya yi maganar kuɗi don kada ya ɓata al'ada, a duba da kyau, akwai mai babbar riga a inuwa yana ƙirga nasa.

"To su Turawan ai su ma kyauta suke yi"

Gaskiya ne, kuma a nan ne labarin ya fi kama da namu. A wancan zamani, ɗan wasan gunduma da ya yi shekara goma ko fiye, ƙungiya kan ware masa wasa guda, kuɗin ƙofa na wannan wasa da abin da magoya baya suka tara nasa ne. Shi ne fanshonsa. Hirst ya samu fam 3,703 a nasa a 1904, dukiya mai yawa a lokacin.

Amma abin sa'a ne. Idan ruwan sama ya sauka kwana uku, shi ke nan. Idan wasan ya ƙare da wuri, kuɗin ƙofar sauran kwanaki ya tafi. Albert Trott, ɗan Ostireliya mai jifa da duka da ya buga wa gundumar Midilses, shi ne mutumin da ya doki ƙwallo ya tsallake saman babban ginin filin Lord's a 1899. A 1899 da 1900 ya fitar da sama da mutum 200 kowace kaka, ya kuma wuce maki 1,000. A wasan da aka ware masa a 1907 ya fitar da mutum huɗu da jifa huɗu a jere, sannan ya sake fitar da uku a jere a zagaye guda, wasan ya ƙare da wuri, ya rage wa kansa kuɗin ƙofa da gwanintarsa. Ƙarfi ya tafi, ciwo ya zo, giya ma ta taimaka. A 1914 ya kashe kansa yana da shekara 41, abin da ya bari bai wuce akwatin tufafi da fam 4 ba.

Don haka ba cewa nake Ingila aljanna ce ba. Cewa nake sun bi hanyar da muke kai yanzu, sun ga inda ta kai mutane, suka fara gyara. A Yokshaya, shugaban ƙungiyar Lord Hawke ya kawo biyan ƴan wasa wani abu a lokacin sanyi da ba a wasa, kuma ya sa ana riƙe kaso mai tsoka na kuɗin gudummawar ɗan wasa a juya masa shi, maimakon a danƙa masa duka rana guda. Mutumin nan ba waliyyi ba ne, shi ne ya fito fili a 1925 yana roƙon Allah kada mai karɓar albashi ya taɓa shugabantar ƙungiyar Ingila (addu'ar ba ta karɓu ba, a 1952 aka naɗa Len Hutton, ɗan Yokshayar tasa). Amma dabararsa ta riƙe kuɗi ta yi aiki. Daga baya, a 1967, ƴan wasan suka kafa ƙungiyar kansu ta kare haƙƙinsu, suka daina jiran tausayin manya.

Mai shagon da ya ce ina ya kai nasa, ya san amsar tambayarsa. Wanda ya dawo gida da kyauta a garin nan, kafin ya cire takalmi zaure ya cika. Malamin da ya yi masa addu'a da wanda ya ɗaura masa laya suna da kaso. Makaɗa suna da kaso. Yaran da suka riƙe masa kaya, gwaggo, kawu, surukai, maƙwabcin da matarsa ta haihu, duk suna jira, kuma idan ya hana mu ne za mu fara cewa ya yi girman kai. Kuɗin da aka miƙa wa mutum a bainar jama'a, kowa ya ji adadinsa a rediyo, ba nasa ba ne. Da a ce rabi yana wani asusu da ba zai iya taɓawa ba sai ya ajiye kokowa, da ya samu abin faɗa wa masu zaure ba tare da ya ɓata da kowa ba.

"Ai suna da gona, suna da sana'a"

Suna da su. Mafi yawan ƴan kokowarmu manoma ne, wasu mahauta, wasu ƴan dako. Su ma masu hannu biyu ne ta wannan fuska. Ƴan kurket na gundumomi ma haka suke a da, wasa daga Afrilu zuwa Satumba, sauran watanni kowa ya nemi abin yi. Rhodes ya yi ta zuwa Indiya a lokacin sanyi yana koyar da wasa a gidan Sarkin Patiala. Da suka ajiye, Hirst ya yi shekara 18 yana koyarwa a makarantar Eton, Rhodes kuma a Harrow.

Bambancin shi ne, koyarwa ba ta bukatar gwiwar saurayi. Noma kuwa da dako da fawa, da jikin nan dai da kokowa ta cinye ake yin su. Mutumin da kafaɗarsa ta goce sau uku ba zai riƙe hauya yini guda ba. Sana'ar da muke cewa zai koma mata, mun riga mun karya kayan aikinta a fage.

Ko a yau, da likitoci da injuna da duk wata kulawa, jikin mai hannu biyu ba ya jurewa. Andrew Flintoff, mai jifa da duka na Ingila, ya bar wasan kwana biyar a 2009 yana da shekara 31 saboda gwiwa da idon sawu. Ben Stokes, wani mai hannu biyun na Ingila, yana da shekara 31 shi ma, ya fito a 2022 ya ce jikinsa ba zai iya ɗaukar nau'i uku na wasan duka ba, wato na kwana biyar, na yini guda da gajere na ƴan sa'o'i. Ma'aunin nan na maki 1,000 da fitarwa 100, tun da aka rage yawan wasanni a 1969 mutum biyu kaɗai suka cika shi a Ingila, Richard Hadlee a 1984 da Franklyn Stephenson a 1988. Idan waɗannan da ake auna musu abinci da barci suna karyewa a shekara 31, ina ga wanda ke atisaye a rairayi da tuwon gero, maganinsa ɗori da man zafi?

"Ƙasar ba ta da kuɗi"

Wannan ita ce hujja mafi ƙarfi, kuma ba zan yi kamar ban ji ta ba. Garin da ake layin ruwa da jarka tun asuba, malaman makaranta na jiran albashi, ga matsalar tsaro, wa zai ce a fara da ɗan kokowa?

Amma abin da nake nema rabinsa ba ya cin kuɗi. Rajista littafi ce da alƙalami, ko waya guda. Ɗaliban tarihi na Jami'ar André Salifou za su iya zama da tsofaffin ƴan kokowa da makaɗa da alƙalan fage su rubuta abin da ya rage a kawunansu tun suna raye, kuma daga bana a sa mutum a gefen fage a kowace gasar gunduma da ta jiha ya rubuta wa ya kama da wa, wa ya yi kaye, a minti nawa, wa ya ji rauni. Gidajen rediyon garin nan suna da faya-fayen sharhin gasa na shekaru, a nemo su kafin zafi da ƙura su gama da su.

Ɗaya rabin kuma ba sabon kuɗi ba ne, tsohon ne za a sake wa hanya. Daga cikin abin da kamfanoni ke bayarwa, da kuɗin ƙofa, da karin da manya ke shelantawa, a cire kaso sananne a zuba a asusun jinya na waɗanda suka taɓa wakiltar jiha. Mutum goman da aka zaɓa kowace shekara a ba su takarda mai sa hannu kafin su hau mota, ta faɗi abin da za a ba su ko sun yi nasara ko sun faɗi a zagayen farko, ta kuma faɗi wanda zai biya asibiti. Ma'aikacin matatar mai ta SORAZ yana da lamba a CNSS, asusun fansho da kula da ma'aikata. Ban ga dalilin da zai hana wanda dukan jiha ke tsayawa don kallonsa samun irinta ba, ko da ta watannin gasa ce kawai.

Kuma ba kokowa kaɗai ba. Ƙasar nan lambar Olamfik biyu take da ita a tarihi, tagullar Issaka Dabore a dambe a 1972 da azurfar Abdoulrazak Issoufou Alfaga a tekwando a 2016. Shekara 44 tsakani. Samarin da ke ɗaga ƙarfe a unguwannin Kara-Kara da Garin Malam, waɗanda ba a tuna su sai an yi rigima, ƙarfi ne zube a ƙasa. Uba mai hankali ba zai tura ɗansa sana'ar da ya ga ƙarshenta kwano ne ba, kuma ba zan ga laifinsa ba.

Inda gizo ke saƙar shi ne wa zai riƙe asusun. Na san abin da mai karatu ke faɗa a ransa, domin duk mun ga asusun da aka buɗe da kaɗe-kaɗe aka rufe shi shiru. Idan aka bar shi a hannun masu shirya gasa kaɗai, ƴan kokowa ba za su yarda a cire ko dala daga kyautarsu ba, kuma suna da gaskiya. Sai su da kansu sun haɗa kai, tsofaffi da masu tashe, sun zaɓi mutanensu da za su sa hannu kafin a fitar da kuɗi, a kuma karanta lissafin a fage ranar buɗe gasa, a lasifikar nan da ake kiran sunan masu kari. Masu tashen ne za su fi wuyar shawo kai, domin mai shekara 25 da ya kayar da kowa a Damagaram ba ya yarda gwiwarsa za ta taɓa ciwo. Aikin shawo kansu na tsofaffin ne, su da ke ɗingishi a gabansu kullum.